Daga Hotoro Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi: Wa Ke Biyan Haraji, Kuma Me Yake Saya Da Shi?

Duk wanda ke zama a majalisun da ke tsakanin Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi bayan sallar isha'i ya saba jin maganganu uku, kuma sau tari daga baki ɗaya suke fitowa. Ta farko ita ce gwamnati ta sakar wa mutane mara su yi kasuwancinsu. Ta biyu, me gwamnati ke jira da ba ta sa baki farashin shinkafa da na man fetur ya sauko ba? Ta uku kuwa, haraji zalunci ne, wanda duk ya samu hanyar zille masa ya zille. 'Yan boko irinmu mukan saurari wannan mu yi murmushi, mu ce ai ga tufka da warwara: mutum yana son gwamnati ta yi masa komai, ba ya son ya ba ta komai, kuma ba ya son ta taɓa masa ciniki. A ganina mun yi gaggawar yanke hukunci. Maganganun nan uku tarihi ɗaya ne ya haife su, kuma muddin masu mulki ba su fahimci tarihin ba, duk dokar harajin da za su rubuta a takarda za ta tsaya.

Haraji dai ba baƙo ba ne a Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo birni a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, marina kuma suna biyan kuɗin karofi wuri 700 a kan kowane ramin rini. Tun kafin nan, jangali na cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kansu. To amma harajin da ya bar tabo a zukatan mutane shi ne wanda ya biyo bayan cin Kano da Turawa suka yi a 1903. Sun tattara kuɗaɗen gargajiya suka mayar da su abu guda, suka kuma nemi a biya da tsabar kuɗinsu, abin da ya taimaka wajen tura manomi noman gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidan talaka, ga dogari a bayansa. Dattawan Hotoro da Tarauni, waɗanda suka san wuraren nan tun suna ƙauyuka kewaye da gonaki, sun gaji labarin magidancin da aka shanya a rana gaban iyalinsa, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya sulale ci-rani don kada a ci masa mutunci. A bayan wannan kuma akwai wani harajin da ba a kira shi da sunansa ba, wato ragin da hukumar cinikin amfanin gona ke yi wa manomi, tana sayen gyaɗarsa ƙasa da farashin kasuwar duniya. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, da gumin wanda aka rage wa farashi aka gina ta.

Shi ya sa da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa ba su sha wahalar fahimtar da talaka mene ne zalunci ba. Takardar haraji tana aljihunsa. Shi ya sa kuma da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a Oktoban 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, aka ɗauki abin a matsayin 'yanci na biyu. Har gobe idan aka ambaci Rimi, wanda gidan talabijin ɗin jiha da ke nan Hotoro ke ɗauke da sunansa, wannan ne farkon abin da ake tunawa.

Ko shakka babu Rimi ya yi daidai. Sai dai ya kamata mu faɗa wa kanmu abin da ya sa hakan ta yiwu: kuɗin man fetur ne da ke zuwa daga asusun tarayya ya maye gurbin sisin talaka. Daga lokacin da gwamnati ta daina buƙatar aljihun mutum, sai ta daina buƙatar yardarsa, shi kuma ya daina jin cewa kuɗin da ake kashewa nasa ne. A nan aka samu kalmar “kuɗin gwamnati”, dukiyar da ba ta da mai ita, wadda wanda ya ɗiba ake cewa ya samu rabonsa. Gwamna ya gina gada, sai a ce Allah Ya saka masa da alheri, kamar daga gadon mahaifinsa ya ciro.

A cikin wannan sabon zama, abu ɗaya ne talaka ya riƙa a matsayin nasa kason, shi ne man fetur mai araha. Mutanen Hotoro sun fi kowa sanin wannan, domin ma'ajiyar man NNPC da ke kan titin Maiduguri a unguwarsu take, kuma sun ga zamanin da tankoki ke jeruwa suna ɗaukar man da bututu ke kawowa daga Kaduna, sun kuma ga zamanin da matatar Kaduna ta yi shiru, 'yan bumburutu suka cika bakin titi da galan-galan. Masana tattalin arziki suna da hujja mai ƙarfi cewa tallafin mai ya fi amfanar mai motoci uku a kan mai keke, kuma kaso mai yawa na man yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Kamaru. Hujjar gaskiya ce. Amma mutumin da ya kwana a shataletalen Silver Jubilee a Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, lissafinsa daban ne: idan aka ɗauke wannan, me ya rage da zai nuna ya ce ga abin da Nijeriya ta ba shi? An sauko da farashin zuwa naira 97 a wancan karon. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan haka. Abin da ya faru a titunan Kano ranar 1 ga Agustan 2024 ya nuna cewa jama'a ba su ga inda ƙarin ya shiga ba.

Batun kasuwa kuwa, babu wanda zai koya wa Bakano. Garin da ke da Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, garin fataken goro da na Kantin Kwari, ya san ciniki tun kafin a rubuta littattafan tattalin arziki a Ingila. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi lokacin da aka roƙe shi, amma ya yi hani mai tsanani ga ɓoye abinci. Tsakanin waɗannan biyu ra'ayin yawancin mutanenmu yake, kuma kowace manufa da sakamakonta suke auna ta. Kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan Tarauni, wadda dubban matasa ke ci daga gare ta, 'yar sakin harkar sadarwa ce ga 'yan kasuwa a 2001, kuma ban taɓa jin mai kewar layin NITEL ba. Amma an miƙa rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a 2013, har yau injin janareta da farantin sola ne ke riƙe da shaguna. Tsarin gyaran tattalin arzikin da Janar Babangida ya kawo a 1986 ya rushe hukumomin cinikin amfanin gona, manomi ya samu 'yancin sayarwa inda ya ga dama. Shi ne kuma ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka gagari masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, kafin rashin wuta da atamfar Sin su ƙarasa da yawansu. Mutumin da mahaifinsa ya rasa aiki a masaƙa yana da dalilin ɗaga gira idan aka ce masa kasuwa za ta gyara komai. A watan Fabrairun 2024, da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha ta garƙame wasu rumbunan hatsi a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, masu saye sun yi tafi, 'yan kasuwar suka ce kayan da aka riga aka yi cinikinsu ne. Kowa na son 'yancin kasuwa ranar da yake sayarwa, yana kuma neman hukuma ranar da yake saye. Wannan hali ne na ɗan Adam, har a Amurka manoma tallafi suke karɓa.

Yanzu bari mu dawo kan zargin cewa Bakano ba ya son biya. A duba magidanci mai matsakaicin ƙarfi a Hotoro. Ruwan da yake sha daga kurar ɗan ga-ruwa yake, ko daga rijiyar burtsatsen da ya haƙa da kuɗinsa. Yana biyan 'yan sintiri duk wata, yana biyan yaran da ke kwashe shara, idan taransifoma ta ƙone a zagayo da takarda gida-gida ya sa nasa, idan damina ta cinye layi a haɗa kuɗin tifar ƙasa. 'Ya'yansa suna makarantar kuɗi da safe, Islamiyya da yamma. Bayan duk wannan yana fitar da zakka ba tare da an aiko masa da ɗan sanda ba, kuma masallacin unguwa da gudummawarsa aka yi masa rufi. Idan aka tara wannan, ya ninka abin da kowace hukumar haraji za ta yi ƙarfin halin nema a wurinsa. Bambancin kawai shi ne a nan yana ganin abin da ya saya, kuma ya san ƙofar gidan ma'ajin da zai ƙwanƙwasa idan kuɗi suka yi ƙafa.

Wanda hukuma ke iya kamawa kuwa, shi ne wanda ke kan titi. A Fabrairun 2021 direbobin Adaidaita Sahu suka tafi yajin aiki a kan harajin naira 100 a kullum da aka ɗora masu ta hannun KAROTA, ma'aikata da ɗalibai suka taka da ƙafa daga Unguwa Uku zuwa cikin gari. A Janairun 2022 aka sake yin wani a kan kuɗin sabunta lasisi na naira 8,000. Wasu sun ce naira ɗari ai ba kuɗi ba ce. A lissafa ta a shekara, ta haura naira 30,000, daga aljihun yaron da galibi ba shi ne mai babur ɗin ba, balas yake kaiwa kowace yamma. Ina son a nuna mini masu gidajen haya nawa ne a Hotoro GRA, ko manyan dillalai nawa ne a Singa da Kwari, suka biya kwatankwacin wannan kaso na abin da suka samu a waccan shekarar. Ma'aikacin gwamnati da na banki ana yanke nasu tun kafin albashi ya shigo hannu, don haka su ma ba za a kira su gwanaye ba, dole ce ta sa. Tsakanin ɗan Adaidaita da ma'aikaci akwai wani faffaɗan fili na masu hali da ba a taɓawa, saboda su ne ke ɗaukar nauyin siyasa. Sakamakon yana cikin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa: a 2023 Kano ta tara kimanin naira biliyan 37 na kuɗin shiga na cikin gida, Legas ta tara sama da biliyan 800, alhali ƙidayar 2006 ta ce mun fi ta yawan jama'a. Gaskiya ne cewa hedikwatocin bankuna da manyan kamfanoni suna can, amma wannan bai isa ya bayyana ninki ashirin ba.

Wannan rauni ne ya fito fili a Oktoban 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka yi watsi da shawarar sauya yadda ake rabon harajin kayayyaki na VAT. Sun yi nasarar rage kaifin ƙudurin kafin a sa masa hannu a Yunin 2025, kuma dokar ta yafe harajin samu ga duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, wanda abin a yaba ne. Amma abin lura shi ne faɗan gaba ɗayansa a kan rabon abin da aka tara a Abuja aka yi shi. Ban ji an yi irin wannan taron ba a kan yadda za a sa mai shaguna hamsin ya biya hakkinsa.

Gadar da aka ƙaddamar a shataletalen Hotoro a Janairun 2023 misali ce mai kyau. Da kuɗin jama'ar jiha duka aka gina ta, har da na manomin Doguwa da bai taɓa hawanta ba, amma waɗanda darajar filayensu da shagunansu ta ɗaga saboda ita sanannu ne, kuma ba su da yawa. Harajin fili da na gini shi ne mafi adalci a irin wannan hali, domin gida ba ya gudu ci-rani, kuma girmansa na nuna ƙarfin mai shi. Shi ne kuma wanda mu masu karanta wannan shafi muka fi ƙi, saboda a kanmu zai faɗa.

Sai dai ko mu ɗin ma muna da sharaɗin da ya halatta mu gindaya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙaramar Hukumar Tarauni mazaɓu goma gare ta, kuma abin da ake ware mata kowane wata ana buga shi a Abuja. Babu abin da zai hana a liƙa takarda a bangon sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci, mai nuna nawa ya shigo daga tarayya, nawa aka karɓa a kasuwar Tarauni da tashar Unguwa Uku da shagunan titin Zariya, da kuma kwalbati nawa da aji nawa aka gyara da su a kowace mazaɓa. Kwamitin masallacin unguwa yana karanta irin wannan lissafi ga jama'a bayan sallah, da littafin rasit na naira ɗari biyar da biro ɗaya.