Ƙarfin Aro: Bayani a kan Taramol

Idan damina ta kankama a ƙasar Sakkwato, a garuruwa irin su Horo Birni da sauran ƙauyukan Boɗinga da Shagari, babu abin da manomi ke bukata kamar ƙarfin jiki. Saboda haka ne waɗansu samari 'yan ƙwadago su kan haɗiyi ƙwayar nan da a ke kira Taramol kafin su ɗauki garma, suna cewa wai tana ƙara ƙarfi. To, ya kamata mu da za mu fita karantarwa a ƙauyuka mu san gaskiyar wannan al'amari, gama mu iyaye za su tambaya.

Asalinta magani ce. A Jamus aka haɗa ta cikin shekarar 1962, aka soma sayar da ita a 1977, domin masu fama da ciwo mai tsanani. Likita ba ya ba babban mutum fiye da miligiram 400 a yini guda. Amma wadda a ke satar shigowa da ita, ƙwaya ɗaya ta kan kai miligiram 225, watau biyu kaɗai sun wuce iyaka.

Ga yadda ta ke aiki. Gajiya da ciwo manzanni ne da jiki ke aikawa ga ƙwaƙwalwa, cewa a huta. Taramol ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko kaɗan, sai dai ta tare manzon a hanya. Mutum ya yi ta huɗa bai ji kome ba, alhali jikinsa na cinyewa. Ƙarfin gobe ya ranto ya kashe yau.

Sa'an nan jiki ya kan saba. Wanda ɗaya ta ishe shi bara, bana sai biyu ko uku. Ran da bai samu ba kuwa, sai gumi, da makyarkyata, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Daga nan ya daina sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya sami kuɗin sha. Idan ta yi yawa ta kan kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. In kuwa aka haɗa ta da giya ko kodin, numfashi ya kan yi ta raguwa, har mutum ya kwanta barci bai farka ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa dangin Taramol suka sha. A watan Mayu na shekarar 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kamun masu fataucinsu.

Amma kamu ba ya warkad da wanda ya riga ya kamu. Kada mu kore shi, kada kuma mu sa shi ya bari farat ɗaya, gama likita shi ya san yadda a ke ragewa sannu a hankali. Akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, can ya kamata a kai shi tun da wuri. Su kuma masu gona, kada su ɗora wa yaro aikin mutum biyu, don sau da yawa nan ne mafarin abin.