Shirin Tafiya Jos

Idan ranar hutu ta haɗu da Asabar da Lahadi, maigida yakan so ya kai iyalinsa shan iska. Daga Kano waɗansu sukan zaɓi Jos, garin da ke bisa tsauni. Tafiyar wajen kilomita 300 ce, ta dajin Falgore da Saminaka.

Shiri na fari shi ne na mota. Tun ana saura kwana biyu sai a kai ta wurin bakanike ya duba birki da tayoyi da ruwan lagireto. Gama inji yakan yi zafi wajen hawa, wajen gangara kuwa ran kowa yana ga birki. A tashi da asuba, don kada dare ya riski mutane a daji.

Abin da baƙi suka fi mantawa shi ne kayan sanyi. Jos ta ɗara bakin teku tudu da misalin mita 1,200, kuma gwargwadon hawanka sama, gwargwadon sanyin iska. Yaron da ya bar Kano yana gumi, da dare a Jos sai ka ji haƙoransa suna kaɗawa, balle a watan Disamba. Saboda haka uwargida ta sa barguna cikin akwati, ko da yara sun yi mata dariya.

Kwana uku ba su isa a ga kome da kome ba. In ni ne, sai in fara da gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye kawunan yumɓu na mutanen Nok. Kashegari kuma a tafi duwatsun Shere.