Mabiyiya, uwar tafiyar mai ciki

A Sae Sabuwa da sauran ƙauyukan Gidan Rumji, da Agye, da Gazawa, idan mace ta haihu, hankalin mutanen gida ba ya kwantawa sai mabiyiya ta faɗo. Daga nan ungozoma ta wanke ta, a haƙa rami a binne. Wasu suna kiranta uwa, wasu kuma uwar tafiya. Sunan ya dace da ita ƙwarai, domin ita ce take jan ragamar ciki tun daga farko har ranar sauka. Bari mu duba aikinta, mu ga yadda za mu kiyaye ta.

Mece ce mabiyiya?

Mabiyiya da jariri asalinsu ɗaya, tare suke tsira. Tana manne da bangon mahaifa, cibiya kuma ta haɗa ta da jariri. Kamar yadda saiwar gero take jawo ruwa da taki daga ƙasa, haka take jawo abinci da iska daga jinin uwa ta miƙa wa ɗa. Ranar haihuwa nauyinta yakan kai rabin kilo, faɗinta kamar ƙaramin faifai.

Tana da wani babban aiki kuma da ido ba ya gani. Tana haɗa waɗansu sinadarai ta zuba su cikin jinin uwa. Likitoci suna kiransu homon. Mu ɗauke su kamar ƴan aike: kowane da saƙon da yake kai wa jiki.

Ƴan aike huɗu

Na farko ana ce masa hCG. Shi ne yake sanar da jiki cewa ciki ya shiga, domin jinin al'ada ya tsaya. A shekarar 1927 waɗansu likitoci biyu a Jamus suka gano shi a cikin fitsarin mata masu ciki. Shi ne ake nema a gidan likita idan an tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari. Yakan yi yawa a wata na biyu da na uku, lokacin da laulayi yake tsananta. Idan ya ragu, yawancin mata sukan sami sauƙin tashin zuciya.

Na biyu sunansa furojestaron. Da farko gidan ƙwan mace ne yake yin sa. Wajen wata na uku sai mabiyiya ta karɓi aikin. Shi ne yake kwantar da mahaifa don kada ta matse ta fitar da ɗa tun lokaci bai yi ba. Yana sa hanji ma ya yi sanyin aiki. Shi ya sa mai ciki take fama da ƙwannafi da taurin bayan gida.

Na uku shi ne istirojin. Yana sa mahaifa ta girma, jini ya ƙaru zuwa gare ta, nono kuma ya fara shiri.

Na huɗu sunansa laktojin. Yana sa sukari ya daɗe a jinin uwa domin ɗa ya sami rabonsa. Ga waɗansu mata sukarin yakan yi yawa, ya zama ciwon sukari na masu ciki. Yawanci yakan wuce bayan haihuwa, amma sai an auna ake gane shi.

Fitarta ce take buɗe nono

Muddin mabiyiya tana ciki, furojestaron yana riƙe ruwan nono. Da ta fita, sai ya ragu nan da nan, bayan kwana biyu ko uku nono ya kawo sosai. Kafin nan akwai dakashi. Kada mu matse shi mu zubar. Shi ne abincin farko, kuma yana kare jariri daga cututtuka. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Tsotsonsa yana sa mahaifa ta matse, jini ya tsaya.

Idan wani ɓangare na mabiyiya ya saura a ciki, nono yakan yi jinkiri, jini ya yi ta zuba, zazzaɓi ya biyo baya. Don haka ma'aikaciyar lafiya take duba ta da kyau, ta tabbatar ta fito duka.

Abokan gabanta

A jihar Maradi babban abokin gabar mabiyiya shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina da farkon kaka. Ƙwayoyin cutar sukan taru su ɓuya a cikinta. Mace tana iya zuwa gona ba ta jin komai, alhali abincin ɗanta yana raguwa. Ƙarshenta jinin uwa ya yi ƙasa, a haifi ɗa ƙarami, ko a yi ɓari. Masu cikin fari sun fi shiga wannan haɗari.

Na biyu shi ne hawan jini na masu ciki. Yakan samo asali ne daga mabiyiyar da ba ta kama bangon mahaifa da kyau ba. Alamominsa su ne ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannuwa, da gani dishi-dishi. Idan an bar shi, yakan kai ga jijjiga, wadda take kashe uwa da ɗa.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. Mai ciki ta fara zuwa awo tun watanni uku na farko. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mai da awon ciki kyauta a gidajen likita na gwamnati.

2. Daga wata na huɗu ta karɓi ƙwayoyin Fansidar a wurin awo, sau uku ko fiye, da tazarar wata ɗaya tsakani.

3. Ta kwana cikin sange kullum, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini, ta ci wake, da gyaɗa, da zogale, da nama in an samu.

4. Ta haihu a gidan likita. Idan haihuwa ta zo a gida, kada a ja cibiya, kada a danna ciki da ƙarfi. Idan rabin awa ta wuce mabiyiya ba ta fito ba, ko jini ya yi yawa, a ɗauke ta zuwa likita ba tare da jira ba.

Tun shekarar 2014 Nijar ta ɗauki wani shiri na yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, inda ake amfani da ƙwayar misoprostol. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mace-macen da zubar jini yake jawowa sun ragu da fiye da rabi. Mu lura: ana shan wannan ƙwaya ne bayan ɗa ya fito, bisa bayanin ma'aikacin lafiya. Shan ta kafin haka haɗari ne babba.

Magidanta, mu ma muna da rabonmu. Tun ciki yana wata bakwai mu ware kuɗin mota daga abin da muka samu na kaka, mu san amalanke ko babur ɗin da za mu nema ko da tsakar dare. Mu rage wa matanmu daka da ɗaukar ruwa. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabtansa, domin mata su sauka lafiya, yara su tashi da ƙarfi.