Ƙwari Masu Tsalle a Kara: Yadda Masana Suka Karkasa Su

Da damina, duk fegin da ba a gina ba a Babban Giji ko bayan layukan Gyadi-Gyadi a Kano, da wuya ka rasa wanda ya watsa masara a ciki. In ka buɗe zuciyar wata masara mai wata guda, kana iya tarar da wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, sun yi cincirindo, tururuwa na kai-kawo a kansu. Kana kai yatsa sai su zame gefe su ɓuya a bayan kara, ko su yi tsalle su ɓace. Mai gona zai ce darɓa ce, yaro ya ce 'ya'yan fara ne. Duk ba su ba ne, kodayake mai gonar ya fi kusa da gaskiya.

Fara da babe muƙamuƙi gare su, tauna ganye suke yi. Waɗannan kuwa bakinsu siririn tsinke ne da suke soka wa tsiro su zuƙe ruwansa. Da wannan baki aka haɗa su rukuni guda da darɓa da kuɗin cizo, rukunin da Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya kira Hemiptera a 1758. A cikinsa akwai reshen Auchenorrhyncha, a ƙarƙashin reshen kuma akwai Fulgoromorpha, su ne ƙwarin da wannan rubutu ke magana a kansu. An bayyana iri sama da 12,000 nasu a duniya, an raba su dangi-dangi kimanin 20. Kowane iri sunansa biyu, kamar yadda ake kiran mutum da sunansa da na gidansu, sai dai a nan na gidan ake fara faɗa. Na cikin masarar nan shi ne Peregrinus maidis, ɗan dangin Delphacidae, wanda Ashmead ya bayyana a 1890.

Aikin ya fi wuya wajen raba su da 'yan'uwansu na kusa, masu tsalle a ganye, wato dangin Cicadellidae. Ido kawai ba ya isa, sai da gilashin ƙara girma. Mai tsalle a ganye yana da ƙananan ƙayoyi jere reras a tsawon ƙafarsa ta baya. Mai tsalle a kara ba shi da wannan jeri, 'yan ƙayoyi ƙalilan ne, kuma gashin jinsa a ƙasan ido yake fitowa, gindinsa a kumbure, ƙarshensa siriri kamar zare. In kuwa ɗan Delphacidae ne, akwai shaidar da ba ta ɓuya: wata ƙaya babba mai motsi a ƙarshen ƙwaurin baya. A cikin dangin kuma, irin da suka yi kama sosai ba a raba su sai an feɗe namiji an duba gaɓar haihuwarsa a na'urar hangen ƙananan abubuwa.

Mai karatu na iya cewa wannan wahalar ta mece ce. Amsar tana gona. Cutar da ke zana wa ganyen masara dogayen layuka rawaya, wadda ta daɗe tana addabar manoman Afirka, mai tsalle a ganye ne ke yaɗa ta, Cicadulina mbila da 'yan gidansu, kamar yadda H. H. Storey ya nuna tun shekarun 1920. Peregrinus maidis ba ya ɗaukar wannan cuta, nasa ƙwayoyin cutar daban ne, biyu da aka sani a masara, yana kuma zama a dawa. Da masana ba su tantance wane ne wane ba, da ba a san ƙwaron da za a kiwata a gwada irin shuka da shi ba. Da sanin ne cibiyar IITA, wadda ke da reshe a kan titin Sabo Bakin Zuwo nan Kano, ta fitar da masara mai jure cutar layukan, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Haka annobar da ta gurgunta gyada a Arewa a 1975, ta ƙarasa durƙusar da kasuwar da ta tara dalar gyada a Kano, darɓa ce ta yaɗa ta, Aphis craccivora. Ita ma gyadar tana da nata mai tsallen, Hilda patruelis na dangin Tettigometridae, mai laɓewa a gindin tsiro ƙasa da turɓaya, tururuwa na gadinsa saboda zaƙin da yake fitarwa. An fi kuka da shi a Zimbabuwe da Malawi da Afirka ta Kudu.

Abin da ya faru a Asiya ya kamata manoman shinkafa na Kura da Kadawa su sani. A can, Nilaparvata lugens, shi ma ɗan Delphacidae, ya riƙa ƙone gonaki a shekarun 1970 da 1980. Bincike ya gano cewa yawan feshi ne ke kashe gizo-gizo da sauran masu cin sa, shi kuwa ya daɗa hayayyafa. A 1986 gwamnatin Indunisiya ta hana fesa magunguna 57 a gonar shinkafa. Wani irin da ke Afirka, Nilaparvata maeander, gidansu ɗaya amma bai yi irin wannan ɓarna ba. Ina ganin babban kuskure ne a ga ƙwaro yana tsalle a shinkafa a ruga kantin magani kafin a san ko wane ne, don maganin na iya buɗe wa ƙaramin maƙiyi ƙofar zama babba.

Shi kansa tsarin rabon yana sauyawa. Tsofaffin littattafan makaranta suna zuba waɗannan ƙwari da darɓa a rukunin Homoptera. Binciken ƙwayoyin gado daga shekarun 1990 ya nuna 'yan wannan rukuni ba su taru a kaka guda su kaɗai ba, sai masana suka ajiye sunan. An kuma gyara wani tsohon zance: Maria Sibylla Merian ta rubuta a 1705 cewa wani babban ƙwaro a ƙasar Surinam, wanda daga baya aka sa wa suna Fulgora laternaria, kansa na haske da dare. Ba ya yi, amma sunan, mai nuna haske, ya zauna, har duk reshen Fulgoromorpha ya gaje shi.

A Nijeriya, J. T. Medler ya wallafa jerin ƙwarin ƙasar a 1980, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da ma'ajiyar ƙwari da aka soke da allura, kowanne da takardar wuri da ranar kamu. Malamin gona ko ɗalibin da ya kama wani a Tarauni zai iya jefa shi cikin 'yar kwalba mai sifirit, ya rubuta ranar, wurin da tsiron da ya same shi a kai, ya kai can a gwada shi da na cikin akwatuna.