Gansakuka a Akwatin Kifinmu

Duk wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarmu a farkon shekara ya ga akwatin gilashin nan da 'yan Ƙungiyar Kimiyya suka zuba wa yashi da ruwa, suka dasa tsire-tsire, suka saki ƙananan karfasa goma sha biyu a ciki. Da muka dawo daga hutun Ista sai muka tarar ruwan ya zama kore shar kamar miyar kuka, kifi biyar kuma sun mutu. Baba mai gadi, wanda muka bar wa amanarsu, ya ce shi alheri kaɗai ya yi musu: safe da yamma yana zuba musu abinci da hannu sake, ya kuma jawo teburin kusa da taga domin su sha haske. Ba mu ga laifinsa ba, gama mu ne ba mu yi masa bayani ba. Amma wannan alherin ne ya kashe su.

Mun ga ya kamata mu bayyana yadda abin ya faru, tun da yake iyaye da 'yan'uwa da yawa a nan Mando suna kiwon kifi a tankunan siminti a bayan gida, waɗansu ma da shi suke biyan kuɗin makaranta.

Gansakuka halitta ce mai rai. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye, amma tana da koren sinadarin nan da tsiro yake haɗa abincinsa da shi a cikin haske. Wata tana manne wa gilashi, wata tana yin zare-zare kamar gashi, wata kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana yawo cikin ruwa, ita ce take mai da shi kore. 'Yan aji huɗu za su tuna da sifirojaira da muka duba a madubin ƙara girma. Tun a shekarar 1674 wani mutumin Holan, Antoni fan Lewenhuk, ya gan ta a cikin ruwan tafki da ɗan madubin da ya ƙera da hannunsa. Ƙwayoyinta suna cikin ƙura da ruwa da jikin kowane tsiron da muka dasa, saboda haka ba wanda zai iya hana ta shiga. Abin da za mu iya shi ne hana ta yawa.

Abu biyu take bukata: haske da taki. Takin nan shi ne naitirojin da fosforas, waɗanda manomi yake saye a buhu. A cikin akwati kuwa kyauta take samunsu, daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. Baba mai gadi ya ba ta duka biyun.

To, me ya kashe kifin? A nan ne mutane da yawa sukan ruɗe. Da rana gansakuka tana sakin iskar oksijin, har ana ganin ƙananan kumfa a jikinta. Da dare kuwa ba haske, sai ta daina bayarwa, amma ba ta daina shaƙa ba. Ita da kifi da ƙwayoyin da suke ruɓar da ragowar abinci duk suna rububin iska ɗaya har gari ya waye. Shi ya sa da asuba ne akan ga kifi sun taso sama suna buɗe baki. Zafin watan Maris da Afrilu kuma yana ƙara tsananta abin, gama ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 bai fi 7.5 ba.

Kankare gilashi yana gyara kyan gani, amma bayan mako guda za ta komo. Mu dai mun fara da mai da akwatin inda rana ba ta dukansa kai tsaye, muka lulluɓe shi da bargo kwana uku, ba haske, ba abinci. Kifi mai lafiya ba ya mutuwa don yunwar kwana uku. Yanzu fitila tana ci awa takwas a yini, ba ƙari. Abinci kuma gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. Kowace Jumma'a mukan zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa da ɗan tiyo, mu cika da ruwan famfon da ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti domin kilorin ya fita. Mun kuma sa kainuwa. Saiwarta tana shan takin da gansakuka take nema, ganyenta yana yin inuwa, sai dai dole a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin fuskar ruwan.

Wani ɗalibi ya kawo shawara mu ɗebo dodon koɗi daga rafi, wai ya karanta cewa yana cin gansakuka. Gaskiya ne yana ci. Amma mun hana, muna kuma roƙon iyaye su hana. Waɗansu ƙananan dodon koɗin rafukanmu su ne suke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda take shiga ta fatar mutum, yaro ya riƙa fitsarin jini. Haka kuma kada a wanke akwati da Omo ko Hypo da kifi a ciki. Kaɗan ya isa ya ƙone musu matsefin numfashi.

Kada a ɗauka duk koren ruwa mugu ne. Karfasa tana cin gansakuka, mai kiwonta a kududdufi yana so ruwansa ya ɗan yi kore. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu: in yana ganin tafinsa dishi-dishi, ruwan ya yi daidai, in tafin ya ɓace tun daga wuyan hannu, ya yi kauri, a daina zuba taki, a ƙara sabon ruwa. A ƙasar Kanem ta Chadi ma mata suna kwasar wani iri daga tafkunan kanwa, su shanya, su yi miya da shi.

Wanda za a ji tsoro shi ne mai launin shuɗi-kore da yake kwantawa a bisa ruwa kamar fenti, yana wari. Waɗansu irinsa suna fitar da guba mai lalata hanta. A watan Agusta na 2014 aka hana mutanen birnin Toledo na Amurka, wajen 400,000, shan ruwan famfonsu har kwana uku, domin irin wannan ya cika Tafkin Eri, takin gonaki kuwa shi ne ya ciyar da shi. In aka ga haka a tanki, kada a bar awaki ko kaji su sha, tafasawa kuma ba ta kashe gubar.

Karfasa bakwai ɗin da suka tsira suna nan. An manna jadawalin masu ba da abinci a jikin ƙofa, an kuma ajiye wa Baba mai gadi ɗan murfin kwalba a matsayin ma'auni, domin hutun Kirsimeti.