Yadda Kwamfuta Ke Sake Tambayarka Kalmar Sirri

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban na'urar ATM ya san yadda abin yake. Ka sa kati, ta nemi lambar sirri. Ka yi kuskure, ta sake nema. Ka sake kuskurewa, ta sake nema, amma wannan karon gabanka ya fara faɗuwa, domin ka san in ka kuskure na uku katin ya rufu, sai ka je banki. Layin waya ma haka yake idan an sa masa makulli: kuskure 3 a lambar sirri, sai ya nemi wata lamba mai tsawo da ake kira PUK, wadda ita kuma idan aka kuskure ta sau 10 layin ya mutu ke nan.

Babu wani ma'aikaci da ke zaune cikin na'urar yana ƙirga kurakuranka. 'Yan layukan umarni ne kawai, waɗanda wani ya rubuta sau ɗaya, na'urar kuma take komawa kansu tana maimaitawa. Wannan dabara ita ake kira madauki, masu rubuta manhaja kuma suna ce mata lup. Kusan duk mai koyon rubuta manhaja yakan ci karo da ita a makonninsa na farko, kuma aikin da malamai suka fi ba da shi a kanta shi ne wannan: rubuta ɗan shirin da zai tambayi kalmar sirri, ya ci gaba da tambaya har a ba shi daidai. Aikin ƙarami ne, amma a ganina babu wanda ya fi shi koya wa mutum yadda kwamfuta ke aiki.

Za mu yi amfani da yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, saboda rubutunsa ba shi da tarkace, kuma ko a wayar Android ana iya gwada shi da manhaja irin su Pydroid.

Kwamfuta tana karanta umarni ne daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, in ta kai ƙarshe ta tsaya. Saboda haka idan ka rubuta mata ta tambayi kalmar sirri, ta duba, ta ce daidai ne ko ba daidai ba, to sau ɗaya za ta yi hakan ta rufe. Wanda yatsansa ya zame sai ya sake kunna shirin daga farko. Mai koyo yakan fara tunanin ya kwafi layukan nan ya liƙa su sau uku a jere. Hakan zai yi aiki, amma ranar da aka ce a mayar da damar ta zama biyar fa? Ranar da aka ce a canza saƙon da ke fitowa, sai an bi kowane kwafi an gyara, kuma da wuya a rasa wanda aka manta. Madauki ya zo ne don a rubuta abu sau ɗaya a ce wa kwamfuta ta koma kansa.

Ga mafi sauƙinsa:

```
kalma = ""
while kalma != "Goro77":
    kalma = input("Shigar da kalmar sirri: ")
print("Barka da zuwa")
```

Layin farko ya tanadi mazubi mai suna kalma, babu komai a ciki. Layi na biyu shi ne bakin madaukin, kuma abin da yake faɗi shi ne: muddin abin da ke cikin mazubin bai yi daidai da Goro77 ba, a aikata abin da ke ƙasa. Alamar != tana nufin "ba ɗaya ba ne". Layi na uku, wanda aka ɗan tura ciki, shi ne cikin madaukin, shi ke tambaya ya zuba amsar a mazubi. Da an gama shi, kwamfuta ba ta wucewa gaba, sai ta koma sama ta sake duba sharaɗin. In har yanzu bai yi daidai ba, ta sake tambaya. Sai ranar da sharaɗin ya faɗi ne take sauka zuwa layin ƙarshe ta yi maraba.

Wannan tura layi ciki ba ado ba ne. A Python da shi ake gane abin da ke cikin madauki da abin da ke wajensa. Da za ka tura layin maraba ciki shi ma, shirin zai riƙa cewa "Barka da zuwa" ga duk wanda ya rubuta ko mene ne, har da ɓarawo.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan yawa. Mutum ya sa tambayar a sama, kafin madauki, sannan a cikin madaukin ya bar saƙon "ba daidai ba" shi kaɗai. Da zarar an kuskure sau ɗaya, abin da ke cikin mazubin ba zai sake canzawa ba, tunda ba a sake tambaya. Sharaɗin zai dawwama yana nan, kwamfuta kuma ta dinga zuba saƙon a allo babu ƙaƙƙautawa. Wanda ya fara ganin haka yakan firgita ya zaci ya lalata na'urar. Bai lalata komai ba. Ya danna Ctrl tare da C, shirin zai tsaya. Dokar da ke nan ita ce: dole ne a samu wani abu a cikin madauki da ke iya canza sharaɗin da ke bakinsa.

To amma ko da shirinmu na sama yana aiki lami lafiya, yana da babbar ɓaraka, kuma a nan ne nake so mai koyo ya tsaya ya yi tunani. Shirin nan ba ya gajiya. Kamar maigadi ne da zai bar baƙo ya yi ta gwada makullai a ƙofa tun safe har dare, bai ce masa uffan ba. Lambar sirri mai lamba 4 tana da fuska 10,000 ne kawai, daga 0000 zuwa 9999. Wanda ke gwada ɗaya a kowace daƙiƙa zai gama da su duka cikin ƙasa da awa 3, ita kuwa kwamfuta da aka sa ta yi wannan aiki ta fi haka sauri nesa ba kusa ba. Abin da ke kare kuɗin mutum a banki ba wahalar lambar ba ce, iyakar da aka sa ce. Da dama 3 kacal, ɓarawon da ya tsinci kati yana da rabo 3 ne cikin 10,000.

Ke nan madaukin shiga yana buƙatar ƙofar fita biyu: ɗaya ga wanda ya ba da amsa daidai, ɗaya ga wanda damarsa ta ƙare. Ga yadda ake yi:

```
saura = 3
while saura > 0:
    suna = input("Sunan shiga: ").strip()
    kalma = input("Kalmar sirri: ")
    if suna == "dalibi" and kalma == "Goro77":
        print("Barka da zuwa")
        break
    saura = saura - 1
    print("Suna ko kalmar sirri ba daidai ba. Saura", saura)
else:
    print("An rufe. Dama ta ƙare.")
```

Yanzu sharaɗin bakin madauki ya koma kan ƙidaya. Mazubin saura ya fara da 3, kowane kuskure a cire ɗaya, in ya kai sifili madaukin ya tsaya da kansa. Ƙofa ta biyu ita ce kalmar break. Duk inda kwamfuta ta ci karo da ita, nan take take ficewa daga madaukin, ba ta duba saura nawa. Shi kuma else ɗin da ke can ƙasa, wanda ya yi layi ɗaya da while, wani abu ne da Python ke da shi wanda yaruka da yawa ba su da shi: abin da ke ƙarƙashinsa yana aiki ne kawai idan madaukin ya ƙare ba ta hanyar break ba. Shi ya sa wanda ya shiga lafiya ba zai ga saƙon rufewa ba.

Bi shirin nan da biro a takarda kafin ka kunna shi. Wannan ita ce shawarar da na fi muhimmantarwa. Ka ja layi, ka rubuta saura 3, ka ɗauka an kuskure, ka rubuta 2, ka koma sama, 2 ya fi sifili? E. Haka har ƙarshe. Daga nan ka canza alamar > ta koma >= ka sake bi. Za ka ga mutum ya samu dama 4 maimakon 3, domin sifili ma ya shiga lissafi. Irin wannan kuskure na ƙari ko ragin ɗaya ba na masu koyo kaɗai ba ne, ƙwararru ma yana kama su, kuma ba ya fitar da wani saƙon gargaɗi. Shirin zai yi ta aiki abinsa, yana ba ɓarawo dama ɗaya kyauta.

Python tana da wani madaukin mai suna for, wanda ke yin ƙidayar da kansa. Idan ka rubuta `for gwaji in range(3):` zai zagaya sau 3 ba tare da ka cire komai da hannunka ba. Sai dai ka tuna yana farawa ne daga 0, wato 0, 1, 2. Inda aka san adadin zagayen tun farko, shi ya fi dacewa. Inda ba a sani ba, while ya fi.

Akwai 'yan abubuwa a cikin shirin na biyu da aka yi da gangan. Dubi saƙon kuskure: bai ce sunan ne ba daidai ba, bai ce kalmar ce ba. Ya haɗa su. Mai koyo yakan ga kamar kirki ne a gaya wa mutum takamaimai inda ya kuskure, amma wanda ke neman kutse idan aka ce masa "kalmar sirri ba daidai ba", an tabbatar masa ke nan sunan yana nan, rabin aikinsa ya kammala. Shi kuwa strip da aka maƙala wa sunan, aikinsa share fili maras rubutu da ke gaba ko bayan kalma. Madannin waya yakan ƙara irin wannan fili da kansa bayan kalma, ido ba ya ganinsa, amma a wurin kwamfuta "dalibi" da fili a bayansa wani suna ne daban. Haka babban baƙi da ƙarami: Goro77 da goro77 ba ɗaya ba ne.

Idan lambar sirri kake tambaya maimakon kalma, kada ka yi gaggawar mayar da ita lamba ta lissafi da int. Duk abin da input ya karɓa, rubutu ne. In ka mayar da 0042 lamba zai koma 42, sifilan farko sun ɓace, wanda ya rubuta 42 kawai ma zai shiga. In kuma wani ya danna harafi bisa kuskure, int zai kasa, shirin ya faɗi gaba ɗaya a tsakiyar madauki. Ba tarawa ko ninkawa za a yi da lambar sirri ba, kwatantawa kawai, don haka a bar ta a rubutunta.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a kan iyakar wannan ɗan shiri, kada wani ya ɗauke shi ya kai wa mai shago ya ce ya gina masa tsaro. Na farko, kalmar sirrin tana rubuce ƙuru-ƙuru a cikin umarnin, duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya gan ta. Wannan matsala ta girmi yawancinmu. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, tawagar Fernando Corbató ta sa kalmar sirri a wata kwamfuta mai suna CTSS da mutane da yawa ke amfani da ita tare. Ba a jima ba wani ɗalibi, Allan Scherr, wanda lokacin da aka ware masa a kan na'urar bai ishe shi ba, ya sa ta buga masa fayil ɗin da aka ajiye kalmomin kowa. Shi ya sa tsarin kirki a yau ba ya ajiye kalmar kanta. Yana markaɗa ta da wani lissafi da ba a iya warwarewa a koma baya, irin su bcrypt da aka fitar a 1999, ya ajiye sakamakon. Idan ka zo shiga, sai a markaɗa abin da ka rubuta a kwatanta sakamako da sakamako.

Na biyu, ƙidayar tamu tana rayuwa ne muddin shirin yana kunne. Wanda damarsa ta ƙare, ya rufe ya sake buɗewa, saura ta koma 3. Banki ba ya wasa haka, ƙidayarsa a ajiye take a wurin da kashe na'ura ba ya goge ta, shi ya sa canza ATM ba ya dawo maka da damar da ka ɓatar. Na uku, abin da ake rubutawa yana bayyana a allo ga duk wanda ke tsaye a bayanka. Python tana da wani kayan aiki mai suna getpass da ke ɓoye shi, kuma sauya input da shi aikin layi biyu ne.

Ita kanta rufewar tana da nata lahani. Idan kuskure 3 na rufe asusu har sai an je ofis, to maƙiyin da ya san sunan shigarka zai iya rufe maka asusu da gangan, ya rubuta shirme sau 3 ya yi tafiyarsa. Saboda haka wasu tsare-tsare suka zaɓi jinkiri maimakon kulle nan take. Wayar iPhone misali ce: bayan an yi ta kuskure a jere sai ta sa a jira, kuma jiran yana ƙara tsawo da kowane sabon kuskure. Mai wayar da ya kuskure sau kaɗan bai rasa komai ba sai 'yan mintoci, shi kuwa mai gwada lambobi da yawa ba zai yi nisa ba. Mai koyo zai iya gwada wannan a shirinsa: ya rubuta `import time` a can sama, sannan bayan layin da ke rage saura ya ƙara `time.sleep(5)`, kwamfuta za ta yi jiran daƙiƙa 5 kafin ta sake tambaya. In yana so jiran ya riƙa ninkuwa, sai ya tanadi wani mazubi a wajen madauki ya sa masa 5, ya miƙa shi ga sleep, ya ninka shi biyu a kowane zagaye. A wajen madauki na ce, domin in ya tanade shi a ciki, kowane zagaye zai mayar da shi 5, jiran kuma ba zai taɓa ƙaruwa ba.