Ƙunshin Manhaja a Cikin Rubutun Umarni

Gabatarwa

Idan mutumin Bakura ko Maradun zai aika wa ɗan'uwansa kaya ran kasuwar Talata Mafara, yakan ɗaure su wuri guda, ya maƙala takardar da ke bayanin yadda za a yi da su. Irin wannan dabara ce masana kwamfuta suke bi wajen cusa manhaja a cikin rubutun umarni na Unix, wanda Stephen Bourne ya fito da mashahurin tsarinsa a 1979.

Asalin Dabarar

A wancan zamani hanyoyin aika wasiƙa ta kwamfuta ba sa ɗaukar komai sai alamomin ASCII guda 128. Manhaja kuwa ba rubutu ba ce, saboda haka takan lalace a hanya. Ɗaliban Hausa sun san wannan ciwo, domin haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin alamomin nan, shi ya sa sukan rikiɗe. A 1980 Mary Ann Horton ta Jami'ar Berkeley a Amurka ta ƙirƙiro uuencode, mai mayar da kowane bayit uku zuwa haruffa huɗu. Nauyin kayan yakan ƙaru da kimanin sulusi, amma sukan isa lafiya. Daga baya base64 ta gaje ta.

Yadda Ake Kwancewa

Fayil ɗin kashi biyu ne. A sama akwai umarnin, wanda ke ƙarewa da kalmar exit don kada kwamfuta ta zarce. A ƙasa kuma, bayan wata alama, kayan ne. Idan an kunna shi, sai ya nemo layin alamar, ya yanko abin da ke bayanta da umarnin tail, ya mayar da shi siffarsa ta asali, ya ba shi izinin aiki da chmod, sa'annan ya tashe shi. Wannan aiki ne makeself, ta Stéphane Peter, ta sauƙaƙa tun 1998.

Kammalawa

Amfanin a fili yake ga ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da intanet ke yi wa gardama: fayil ɗaya a filas ya wadatar. Sai dai wanda ya kunna ƙunshin da bai karanta ba ya miƙa wa baƙo makullin ɗakinsa, domin muguwar manhaja ma ta nan take shiga. Wajibi ne a buɗe saman fayil a karanta, a kwance kayan ba tare da an tashe su ba, a kuma tabbatar da inda suka fito. Hausawa dai sun ce ba a cinikin biri a sama.